Bishiyoyin da Na Hana Ruwa

Guar Sentang, Perlis
14 ga Disamba, 1986

Zuwa ga ƙanwata, Auta Embun,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Haji Romli da yara. Yaya ƙafarsa, kumburin ya sauka? Ki ce masa ya rage kifin gishiri, ko da yake na san ba zai ji ba. 'Yan uwana ma ba su taɓa jin maganata ba, balle suruki. Ni ina nan lafiya, sai tarin safe, shi ma mun saba da juna.

Ki dubi kwanan watan da ke saman takardar nan. A irin wannan mako ne, cikin 1971, na sauko daga motar Kuala Perlis da jakata a hannu, na hau gonar Baba ta gindin dutse, na tarar da mangwarona tsaye cikin ruwa kamar dashen shinkafa. Lokacin kina amarya a Johor, labari kawai kika ji, kuma na san yadda aka ba ki shi: wai ni Ngah na kawo itatuwan boko sun mutu. Ba mutuwa suka yi ba, Auta, kashe su aka yi. Babban yayanmu Long Dahaman ne ya fasa bakin magudana ya sako musu ruwa, don ya ga ganyensu ya yi laushi, tausayi ya kama shi. Saiwarsu ta ruɓe kaf. Da na yi magana sai ya ce, "To wa ya san itacen naka ba ya shan ruwa? Ko ɓauna ai tana sha." Aka kwashe da dariya a shagon kofi, daga ranar aka laƙaba mini Malam Takarda. Yaran da aka haifa daga baya ma da shi suke kirana, a zatonsu sunan yanka ne. Ni da na fito na ɗaya a makarantar aikin gona, na ƙare ina auna kifi a bakin teku saboda na gaya wa wani shugaba gaskiya a gaban baƙi, na dawo gida kuma na zama abin dariyar mutanen da ba su iya karanta bayan buhun taki ba.

Ba don tayar da tsohon zance na rubuto ba. Na san takardar masu fasa dutse ta iso hannunki, don Long da bakinsa ya gaya mini ya aika miki, shi kuma ya riga ya dangwala yatsa. Gonar gindin dutse suke so gaba ɗaya, su bi ta cikinta da manyan motoci su kai ga tsaunin, su sa masa nakiya, su niƙa shi ya zama siminti. Gadon mu uku ne. Idan kika sa hannu kun zama biyu, za a raba, ɗan zirin da zai faɗo mini kuwa ƙura ce za ta rufe shi. Bishiyoyin mangwaron harumanis da na dasa tun da na bar aiki duk za a sare.

Kafin ki ɗauki alƙalami, ki tuna abin da ya rage wa ƙaramar jihar nan tamu. Kuzar Kaki Bukit ta faɗi, ramukan sun cika da ruwa, masu haƙa sun watse. Raken Chuping na masu shi ne, namu sara ne a rana. Bishiyoyin robarmu sun tsufa. Kifin da na yi shekaru ina aunawa, da idona na ga yana raguwa a kan sikeli. Kashin jemage da Baba yake ɗebowa a kogo ya tsoma saiwar dashe a ciki, yau ba mai hawa nemansa. Shinkafa tana nan, alhamdu lillahi, amma albarkarta tana can ƙasa inda babbar magudana take kaiwa, mu na gindin dutse sai abin da sama ta ba mu. Shi ya sa kowa ya zuba wa tsaunin ido. Shi kuwa dutse, ranar da aka fasa shi ya tafi ke nan, badi ba ya sake tsirowa.

Akwai abu ɗaya da muke da shi wanda ku a kudu ba ku da shi: rani. Ku can ruwa ba ya barinku ku shanya wanki. Mu nan da zarar iskar gabas ta taso sai ƙasa ta bushe ta tsage, muna ta kuka kamar an aiko mana masifa. Wannan ranin shi harumanis yake so. Idan ya ƙoshi da ruwa, ganye kawai yake yi. Sai ya ji ƙishirwa ta gaske, har ya zaci mutuwa ce ta zo, sannan yake yin huda. Long yana cewa shekara biyar bishiyoyin nan ba su ba shi ko ɗa ɗaya ya sa a baki ba. Gaskiya ne. Abin da bai gaya miki ba shi ne, duk rani, da na juya baya na tafi kasuwa, yana bin su da garwa. Ba mugunta ba ce, na sani. Wanda ya tashi cikin shinkafa ba zai iya ganin shuka tana jin ƙishi ya wuce ba.

Bana na haƙa rami tsakanin gonar da magudanarsa, na toshe duk inda ruwa yake tsiyayowa. Abin da nake roƙonki kaɗan ne: ki ajiye takardar nan a ƙasan akwati zuwa ƙaramar Sallah. Idan Sallah ta zo bishiyoyin nan ba su ba da mangwaro ba, ni da kaina zan riga ki sa hannu.

Ki gaishe mini da Haji, ki shafa kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Ngah Senawi


Guar Sentang
8 ga Fabrairu, 1987

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya sanyin damina a wajenku? Amsarki ta iso, na gode da kika yarda ki jira. Inda kika ce kar in kashe kaina a kan itace, na karanta na yi dariya ni kaɗai. Ki gode wa Haji da maganin tari, ya yi amfani.

Na bar gida na koma bukka a tsakiyar gonar. Duk mai gona a jihar nan gadin ɓarawo yake yi, ko biri, ko aladen daji. Ni kaɗai ne nake gadin ruwa. Kuma ban yi a banza ba. Wata rana da azahar ina kwance sai na ji ƙarar ƙarfe a bayan ayaba. Na leƙa, sai ga Long, tsoho mai furfura, ya rataya garwa biyu a sanda yana tafiya da sanɗa.

Na ce, "Long, ina za ka da wannan?"

Ya ce, "Alwala zan yi."

"Da garwa biyu? A gindin mangwarona?"

Sai ya dire su, ya ce, "Kai Ngah, ka ji tsoron Allah! Dubi ganyen nan, ya yamutse kamar kunnen tsohuwa. Ruwa na wucewa ta gefensu ka hana su, wane littafin ne ya koya maka wannan?"

Na ce, "Ai kai sayarwa za ka yi a sare su. Me ya dame ka da ƙishinsu?"

Ya ce, "Sarewa daban, azaba daban. Ko akuya za ka yanka sai ka fara ba ta ruwa."

Na ɗauki garwunan na juye wa ɓaunarsa. Ya tafi yana ta faɗa, har bakin hanya ina jin muryarsa.

Washegari matan gari suka turo mini Liman Darus. Kin san shi, ba ya son rigima, ya zauna a ƙofar bukka yana fifita da hularsa, ya kawo mini ladan wanda ya shayar da mai rai, ya ce mutane suna cewa kaina ya taɓu. Na bar shi ya gama, na ce, "Tok Liman, azumi na tafe. Za ka hau mumbari ka hana mu shan ruwa tun asuba har faɗuwar rana. Zalunci ne?" Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai da itacen naka duk ba ku da sauƙi." Amma bai tafi haka nan ba, sai da ya yanke hukunci. Ya ce tunda Long yana da gado a gonar, a ware masa layin ƙasa, na kusa da hanya, ya shayar da shi yadda ransa yake so, sauran kuma kar ya taɓa. Na yarda nan take. Liman yana ganin sulhu ya yi. Ni kuwa na ga ya ba ni abin da shugabannina suka hana ni tsawon aikina: gwaji a fili, a bakin hanya, inda kowa zai gani.

Ba zan ɓoye miki ba, watan jiya na sha wuya. Iskar gabas tana kaɗawa ba dare ba rana, ciyawa ta ƙone, ƙasa ta tsage har hannu yana shiga. Bishiyoyina suka yi furu-furu, ganye yana zuba. Layin Long kuwa ya yi shar, yana ƙyalli, yana fitar da jan toho. Masu wucewa a keke suna tsayawa su yaba nasa, su dubi nawa su girgiza kai. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ko mu kawo likkafani?" Na kan tsaya a gindin bishiya in dubi kan reshe, in ce a raina, idan na yi kuskure fa?

To, Auta, ki gyara zama. Sun yi huda!

Ranar Alhamis da ta wuce na fito alwalar asuba, ƙamshi ne ya fara tarye ni, wani iri mai nauyi kamar zuma da ta fara tsami. Da gari ya waye sai na ga kan kowane reshe ya fashe. Yau da nake rubutun nan ba a ganin ganye, fure ya lulluɓe gonar tun daga rami har gindin tsauni, ƙudan zuma suna guna kamar injin niƙa. Bishiyoyin da aka yi wa tayin likkafani su ne suka fi yi. Layin Long kuwa, mai kyau, mai sheƙi, ƙosasshe, ko tsinken fure ɗaya babu. Ga su nan gefe da gefe, ba sai na buɗe baki ba.

Amma na buɗe. Na ciro tsohuwar farar rigata ta ofis, na goge ta, na tafi shagon kofi daidai lokacin da ya cika. Ina shiga aka zubo mini ido. Na zauna, na ce wa mai shago ya zuba wa kowa ruwan sanyi kofi-kofi, ni zan biya, don na lura mutanen garin nan suna son ruwa. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Long yana kusurwa, bai ɗago ba, amma ya shanye nasa.

Na san fure ba mangwaro ba ne, akwai sauran tafiya. Ki bar ni dai in ji daɗin wannan makon. Na daɗe ina jiransa.

A gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Ngah Senawi


Guar Sentang
29 ga Maris, 1987

Ƙanwata Embun,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya jikin Haji? Na ji an kwantar da shi an sallamo shi, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuna bai zauna ba.

Furen ya zube, 'ya'ya sun kama, tuli-tuli, kowane kamar kan ɗan yatsa. A nan ne lissafin yake juyawa: bishiyar da aka hana ruwa don ta yi huda, da ta ɗauki 'ya'ya sai an shayar da ita, in ba haka ba ta zubar. Na shirya wa wannan, na ce zan buɗe ramin da na toshe. Ranin bana kuwa ya wuce duk wanda na sani. Na je na buɗe, na tarar magudanar ta ƙafe, sai busasshen laka da ƙasusuwan kifi. Rijiyar bukka guga ɗaya take bayarwa ta huta. Kullum da safe ina tarar da ƙananan 'ya'ya a ƙasa, ina tsincewa ina zubawa a aljihu kamar hakan zai mayar da su.

Ina cikin tsintar nan Long ya zo ya tsaya a kaina. Tun ranar shagon kofi ba mu yi magana ba.

Ya ce, "Ngah, 'ya'yan nan naka zubewa suke yi."

Na ce, "Ina gani."

"Har yanzu haramun ne su sha?"

"Yanzu wajibi ne."

Ya ce, "Oho. To ga ka, ga ilimi. Ina ruwan?"

Na ci gaba da tsintata. Ya juya ya tafi, na ɗauka ya rama abin da na yi masa ne. Da hantsi sai na ji kukan amalanke. Ga Long yana jan ɓauna, ya jero ganguna cike da ruwa. Ina ganin launinsa na gane daga inda ya fito: kududdufin da Baba ya haƙa a bayan gida, shi kaɗai ne bai ƙafe ba a duk unguwar.

Kin san abin da kududdufin nan yake shayarwa. Pulut ɗin Inna, shinkafar nan mai danƙo da ta zo da irinta a ƙullin zane daga garinsu na Satun ranar da aka kawo ta gidan Baba. Tun rasuwarta Long yake noma ɗan fili ɗaya duk shekara don kar irin ya yanke. Bara ɓeraye sun shiga rumbunsa, abin da ya tsira kwando ɗaya ne, shi ne ya yafa shi duka a gefen kududdufin don ya yawaita kafin damina.

Na ce, "Long, wannan ruwan irin Inna ne."

Ya ce, "Sama za ta yi kafin ya mutu. Kai dai karɓi bokiti. Shekara nawa ina so in shayar da su kana korata kamar kare, yau ka ce wajibi ne, kuma ka tsaya kana mini wa'azi?"

Na karɓa. Tun daga ranar kullum muna kan hanya tsakanin kududdufi da gona, tsofaffi biyu da ɓauna ɗaya. Da kin ga fuskarsa yana tuttula ruwa a gindin bishiya, yana yi mata magana, "Sha, 'yar nan, sha, mugun ya yarda." Zubar ta tsaya. 'Ya'yan sun fara nauyi, sun kai ƙwan kaza.

Rigima ba ta ƙare ba, don da na fara rage su, ina cire ƙanana ina barin ɗaya ko biyu a kowane reshe, sai da ya kusa kuka. Ya ce ni ba manomi ba ne, mahauci ne. Yanzu kuma muna kan naɗi. Akwai wani ɗan ƙuda da yake huda mangwaro ya zuba ƙwai, maganinsa a sa wa kowane ɗa riga. Na kwaso tsofaffin jaridu a Kangar, muna naɗe su ɗaya-ɗaya muna ɗaurewa. Gonar ta zama kamar an shanya wasiƙun duniya a kan itace. Masu keke suka sami abin faɗa: "Malam Takarda ya sa mangwaro makaranta!" Kafin in buɗe baki Long ya leƙo daga kan tsani ya ce, "Ƙwarai kuwa, kuma zai riga ɗanka gamawa."

Ki taya mu addu'ar ruwa. Kududdufin yana ja da baya.

Naki,
Ngah Senawi


Guar Sentang
3 ga Yuni, 1987

Zuwa ga Auta Embun,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana. Ki yafe mini abin da na yi miki na fili da na ɓoye, ni ma na yafe. Mun so ganinku, amma lafiyar Haji ta fi. Ki gaya masa Long yana gaishe shi.

Gobe zan kai akwati tashar jirgin ƙasa ta Arau da sunanki. Idan ya iso kika buɗe, za ki gan su kore shar. Kar ki ce Ngah ya aiko da ɗanye, kar kuma ki jira su yi ja, ba sa yi. Ki shinshina wajen hancin. Idan ƙamshin ya cika ɗaki, ki sa wuƙa.

Wannan kuskuren duk garin nan sai da suka yi shi. Tsakiyar azumi muka fara tsinka. Muka kwance jaridu, 'ya'yan suka fito sumul, babu tabo, wani sai an sa hannu biyu. Mutane suka taru a bakin hanya, wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, duk wahalar nan a kan na kwaɗo? Wannan ai sai da gishiri da barkono." Na kwashe su, na wanke musu ƙaro, na jera su cikin ƙaiƙayi a ɗaki, na rufe.

Wadda ta fara ɗanɗanawa Nyonya Ooi ce, mai sayen kayan lambu ta Kangar, don ita ba Musulma ba ce, ba ta azumi. Ta zo da motarta da rana tsaka, ta ɗauki ɗaya ta koma bayan mota don kar ta ci a gabanmu. Muna tsaye muna jira. Can ta fito tana share haɓa da bayan hannu, ta ce, "Tsoho, wa ka nuna wa wannan?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To kar ka nuna. Na bana nawa ne, na badi ma nawa ne." Na ce mata ta bi layi, akwai waɗanda zan fara ciyarwa.

Ki ji muguntar da na yi, Allah ya yafe mini, don ban yi nadama ba. Ranar Juma'a tun la'asar na sa aka kai kwanduna barandar masallaci, na buɗe su, na zauna a gefe ina jan carbi. Masu azumi suna shigowa jiran buɗa-baki, ƙamshi yana dukansu tun daga bakin ƙofa. Mutanen shagon kofi duk suna nan, a jere, maƙogwaro yana sama yana ƙasa. Wanda ya yi mini tayin likkafani ya matso ya ce, "Pak Ngah, a taimaka a rufe kwandon nan mana, azumin mutane zai raunana." Na ce, "Ɗanye ne ai, me zai yi muku?" Liman Darus ya kalle ni ya ce, "Senawi, da ana rubuta zunubi da ƙamshi, yau ka cika littafi."

Ana buga ganga aka kira salla, na fara yankawa. Cikinsa launin lemo ne mai duhu, laushi kamar ƙwai da madara, babu zare ko ɗaya da zai maƙale a haƙori. Masallaci ya yi tsit, ba ka jin komai sai tsotso. Dabino ya yi kwantai a faranti. Sai da Liman ya yi gyaran murya sau da yawa kafin aka tashi sahu.

Ni Long nake kallo. Ya ci na farko ya ce, "Ba laifi." Ya miƙa hannu ya ci na biyu. A na uku ruwan yana bin gemunsa, ya suɗe ƙwallon tas ya jefa a aljihu. Na ce masa ƙwallo ba ya fitar da irin uwarsa, sai an yi masa aure da reshe. Ya ce, "To ka aura mini mana, kana ta surutu." Da muka fito yana neman takalminsa, ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Layin nan nawa na bakin hanya. Badi kar ka bar kowa ya zuba masa ruwa. Ko ni ne, ka kore ni."

Jajiberin Sallah wakilin masu fasa dutse ya zo da farar motarsa. Ban ma tashi daga inda nake ba. Long ne ya tare shi, ya ce ƙanwarmu ba ta sa hannu ba, shi ma ya janye yatsansa. Mutumin ya fara zancen ƙari. Long ya ɗora masa mangwaro ɗaya a tafin hannu, ya buɗe masa ƙofar mota, ya ce a gaida mutanen ofis. Saboda haka takardar da ke ƙasan akwatinki, ki hura wuta da ita. Gonar Baba tana nan, tsaunin yana nan.

Yanzu kullum da safe akwai kekuna a ƙofar bukkata. Masu gonakin gindin dutse, waɗanda shinkafa ba ta taɓa yi musu kirki ba, suna zuwa neman reshe. Ina ba su, amma sai kowa ya zauna ya saurari darasi tun daga farko, kuma ba na gajartawa. Har wani matashin jami'in gona ya zo da littafinsa yana rubuta abin da nake faɗa. Na ce ya rubuta da kyau, an yi shekaru ba a tambaye ni ba. Idan Allah ya ja kwana, za ki ga ranar da za a ambaci jihar nan a tuna da wannan mangwaron kafin a tuna da siminti.

Ki gaishe da Haji da yara, ki ba maƙwabta su ɗanɗana, ki gaya musu daga ina ya fito. Allah ya bar zumunci.

Na san za ki so ki ci shi da pulut da madarar kwakwa. Ki saya a kasuwa. Ruwan sama bai sauko ba sai cikin watan Mayu, kududdufin ya riga ya ƙafe, yafin Long ya ƙone tun bai isa dashe ba. Ya bi duk gidajen da Inna ta taɓa ba iri, ya haye har Satun wurin danginta. Babu mai ko ƙwaya ɗaya. Irin Inna ya ƙare.

Yayanki,
Ngah Senawi